Gwafar Baba a Ƙarƙashin Dekina

Shekara tara na yi ina bin hatimin nan kafin ya shigo hannuna. Wanda bai san aikinmu ba yana ɗauka ana gama jami'a an zama injiniya. Ina. Sai ka yi shekaru a ƙarƙashin wani mai rajista yana duba aikinka, ka rubuta rahoton duk abin da hannunka ya taɓa, sannan ka je gaban manya su yi ta yi maka tambayoyi kamar wanda aka kama da akuyar mutane. In sun gamsu, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista ta ba ka lamba da hatimi. Daga ranar, duk zanen da ka buga wa hatimin nan ka shaida wa duniya ke nan cewa in ginin ya faɗi kai za a nema. Kuma hukumar da ta bayar tana da ikon karɓe abinta.

Nawa ya yi tsawo ne saboda inda na fara aiki babu mai rajista ko ɗaya da zai sa mini hannu. Sai da Allah ya haɗa ni da wani dattijon injiniya a Bebeji, mai faɗa kamar kunama, ya riƙe ni har na samu. Ranar da na kai wa Baba hatimin gida, ya karɓa ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya ce ashe abin da aka yi ta wahala a kansa bai kai kwaɗon ƙofa nauyi ba. Ya faɗa yana dariya, amma da yamma na ji shi a ƙofar masallaci yana ba da labarinsa kamar shi ya yi jarrabawar.

Garinmu na mutanen da ruwan madatsar Tiga ya tasa ne. Baba yana saurayi aka kwaso su daga tsohon gari, kowa ya ɗauko abin da zai iya: turmi, ƙyauren ƙofa, azara, gwafa. Inda aka sauke su fili ne fetal, babu itacen kirki, don haka har yau a garinmu ba a wasa da icce. Kowane gida yana da shaidar da yake yi wa nasa, wani ƙuna, wani sara. Baba yana da gwafa biyu na ƙirya da ya ɗauko a kafaɗa daga tsohon gari, sara uku a gindin kowacce. Duk kaka da su ake kafa rumfar da ake ɗora masara don kada danshi da gara su taɓa ta. Ni na fi kowa sanin wannan, domin ni nake haƙa musu rami tun ina ƙarami.

Shekarar da na samu rajista ne ƙungiyar gari ta yanke shawarar gina ɗakin haihuwa. Ƙaramar hukuma ta ce in aka gina da zanen injiniya mai rajista, kuma ya ba da takardar shaida a ƙarshe cewa ginin lafiya yake, za ta turo ungozoma. Ba sai an roƙe ni ba. Ƙanwata a gefen hanya ta haifi ɗanta na fari, an ɗauko ta a babur za a kai ta Kafin Maiyaki ba a ƙarasa ba. Na zana ɗaki biyu da baranda. Mutane suka ce deki, rufin kankare, suke so ba kwano ba, don iska ta sha yaye rufin makaranta, kuma suna da burin a ɗora wa ungozoma ɗaki a sama nan gaba. Na buga hatimina a kan zanen. Shi ne zane na farko da na buga wa, har sai da na gwada a wata takarda sau biyu don kada ya karkace.

Da gini ya kai linta, kafinta ya ce a yi hayar gorar da za a tokare katakon da za a zuba kankare a kai. Mai gari ya ce wace haya, ana zaune ƙalau, alhali babu gidan da ba shi da gwafa? Kowane magidanci ya kawo ɗaya ko biyu. Na yarda. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ƙwanƙwasawa, na fitar da masu ɓawo da waɗanda suka tsage, aka samu arba'in da huɗu. Har gobe ina nan a kan bakana cewa sun fi gora ƙarfi. Abin da ban saka a lissafi ba shi ne gorar haya ba ta da kowa a garin, gwafa kuwa kowacce da ubangidanta, kuma ya san inda take tsaye.

Ranar zuba kankare gayya aka yi, irin wadda ban ƙara ganin kamarta ba. Ƙarshen damina ne, ruwa cike da kududdufi. Mata suna jido, samari suna miƙa kwanon sarki hannu da hannu, tsofaffi suna zaune a inuwa suna ba da umarnin da ba wanda ya tambaye su. Ni kuwa ina sama da takalmin roba, ina ta masifa a kan kada a cika ruwa a kwaɓin. Mai gari yana ta nanata cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kafin la'asar an gama. Na ji daɗi a ranar, daɗin da ban ji ba ko ranar da aka ba ni hatimin.

Bayan salla na tsaya a ƙofar masallaci na yi wa jama'a bayani. Na ce kwana ashirin da ɗaya, a riƙa yi wa dekin ban ruwa safe da yamma, kuma kada a taɓa komai a ƙarƙashinsa. Kowa ya ce in sha Allahu. Ban ɗora wa mutum ɗaya tsaron wurin ba, na bar wa gari, kuma abin da aka bar wa gari an bar wa babu kowa. Washegari na koma Doguwa, inda muke aikin wata kwalbati. Na yi niyyar leƙowa bayan mako guda, sai ruwa ya cinye mana hanya, aiki ya cakuɗe, ban samu fitowa ba. A cikin kwanakin nan masara ta nuna a gonaki. Ni da na tashi ina haƙa ramin gwafa duk kaka, ko sau ɗaya abin bai faɗo mini a rai ba.

Na dawo a rana ta ashirin da uku, da hantsi. Tun daga nesa na ga saman dekin a jiƙe, mata sun riƙe alkawarin ban ruwa ba fashi. Sai na leƙa ciki. Gwafa goma sha bakwai na ƙirga. Wasu masu tsoron Allah da suka ɗauke tasu sun musanya da ɗanyen reshen darbejiya, wani ma damin kara ya tokara, don kada a ce ya bar wurin haka nan. Katakon tsakiya ya sauka. Na sa kafinta ya ɓamɓare allo biyu, sai ga dekin ya yi ciki kamar saniya, tsaga ta taso daga kusurwa ta nufi tsakiya. Na ja igiya daga bango zuwa bango, yatsuna uku suka shiga tsakanin igiyar da saman kankaren a tsakiya.

Na rufe kafinta da faɗa, har na kira shi da abin da na yi nadamarsa daga baya. Ya bari na gama, sannan ya ce a hankali shi ba zai iya hana wanda ya fara ba. Na ce wane ne. Ya dubi ƙasa ya ce Baba ne, a rana ta huɗu. Ya zo da safe ya zare ɗaya daga cikin nasa, daga tsakiyar ɗakin, ya ce gwafa ɗaya a cikin arba'in ba za ta hana komai ba, kuma masararsa ba za ta jira ba. Da mutane suka ga baban injiniya ya ɗauka, sai suka ce ashe an halatta. Babu wanda ya yi sata. Kowa tasa ya ɗauka, mai shaidar gidansa, da rana tsaka, yana gaisawa da mutane a hanya.

Na shiga gida raina a ɓace, na tarar da rumfa tsaye, masara jibge a kai, gwafar mai sara uku tana riƙe da gefe guda. Na tanadi maganganu tun daga bakin ginin, amma da na durƙusa na gaida Baba duk suka maƙale. A garinmu ɗa ba ya ɗaga wa uba murya, ko da hatimi goma gare shi. Abin da na iya faɗa kawai shi ne dekin ya lalace, kuma cire gwafa ne ya jawo.

Washegari Baba ya sa aka sauke masarar kaf, ya tuge gwafar, ya saɓa a kafaɗa da tsufansa, ya ratsa tsakiyar gari da ita kowa yana gani, ya mayar da ita inda ya ɗauko. Kafin azahar duk gari ya mayar. Har ƙari aka yi, don da na ƙirga hamsin da biyu na samu, an buga musu guntayen katako a gindi sun matse tsam. Mai gari ya aika aka kira ni, yana ta fara'a.

"To, ɗana, an mayar. Kowa ya mayar da abin da ya ɗauka. Sai ka sa hannu."

Na ce, "Ranka ya daɗe, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kankaren nan ya bushe a karkace, ko gwafa ɗari aka sa ba zai miƙe ba."

Na ga bai gane ba, kuma ba rashin hankali ba ne. A wurinsu in mutum ya ɗauki abu ya mayar a gaban jama'a, magana ta mutu, wanda ya sake tayar da ita shi ne mai neman fitina. Haka suka zauna lafiya da juna tun daga tsohon gari. Kankare ne kawai bai san wannan doka ba. Mai gari ya ce a shafe tsagar da filasta, ai ba wanda zai zo daga ofis ya ja igiya. Na ce mata ne za su kwanta a ƙarƙashinsa da jarirai, ba zan sa hannu ba. Ya ce to in faɗi abin da za a yi. Na ce a fasa dekin a sake.

Nan fara'ar ta ɗauke. Ya tambaye ni wa zai ɗaga guduma a kan abin da matan gari suka yi kwana ashirin suna yi wa ban ruwa. Ya ce in za a fasa, dole a tara mutane a faɗi dalili, a kuma faɗi wanda ya fara, don waɗanda ba su taɓa tasu ba ba za su yarda a yi musu kuɗin goro ba. Ya ce shi ba zai ambaci sunan aminin mahaifinsa a bainar jama'a ba, sai dai ni in tashi in ambaci ubana. Ya san sarai ba zan iya ba.

Na tafi Bebeji wurin dattijon da ya koya mini aiki. Na yi tsammanin zai zage ni, na ma fi son haka, amma sai ya saurara har ƙarshe yana juya biro. Ya ce mai yiwuwa ba sai an fasa ba. Ana iya kawo wani injiniya da ba ruwansa da aikin ya gwada ƙarfin kankaren, wataƙila a ƙara bim, wato azarar kankare, da ginshiƙi a ƙasa a ceci ginin. Amma duk mai rajistar da ya san darajar hatiminsa sai ya rubuta rahoto, kuma rahoton zai kai gaban hukuma. A ciki za a tambayi wa ya buga wa zanen hatimi, wa ya yarda a tokare dekin da itacen aro, kuma ina yake a rana ta huɗu. Ya ce hanyar da ta fi mutunci ita ce in rubuta da kaina kafin wani ya rubuta a kaina. Na tambaye shi me za su yi mini.

"Suna iya yi maka faɗa su sallame ka. Suna iya dakatar da kai. Suna iya karɓewa gaba ɗaya. Ban sani ba, kuma duk wanda ya ce maka ya sani ƙarya yake."

Na ce ko shi zai zo ya duba mini a tsakaninmu. Ya ce zai zo, amma da biro zai zo. Na fito daga ofishinsa na zauna a mota na fi rabin awa ban tayar ba. In na sa hannu dekin ya faɗo, na kashe mutane, hatimi kuma ya tafi. In na kai rahoto, wataƙila a ceci ginin, amma hatimin yana cikin haɗari, ga sunan Baba a takarda. In na ce a fasa, sai na tozarta shi da bakina. Gaba kura, baya sayaki.

Sai na ɗauki hanya ta huɗu, wadda ba hanya ba ce. Na ce wa mai gari ana dubawa. Na sa aka yi wa ginin ƙofa aka kulle, na riƙe makulli. Duk wanda ya tambaya, ana dubawa. Kaka uku ke nan ana dubawa.

A wurin aiki in zance ya zo ina cewa tsoron Allah ne ya hana ni sa hannu, abokai su yi ta yaba mini. Gaskiya ne, amma rabinta ce. Tsoron Allah ya hana ni sa hannu, wani tsoron dabam ne ya hana ni rubuta rahoto. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa Baba nake rufa wa asiri, kuma na ji daɗin wannan dalilin, domin babu ɗan halak da zai zarge ni a kansa.

Ginin yana nan a bakin gari, zanzaro ya yi gida a tagogi, awaki suna kwana a barandar. Gwafa hamsin da biyu suna ciki, ba wanda ya ƙara taɓa ko ɗaya. A hankali kowane gida ya nemi wani icce ya kafa rumfarsa. Mutane ba su daina gaishe ni ba, da ma sun daina da ya fi mini sauƙi. Sai a ce, Injiniya an zo, ya aiki, ya iyali, ba a ambaci ginin ba. Ƙanwata da ta sake samun ciki, tun saura wata guda mijinta ya kai ta wurin 'yan uwansa a Kiru ta zauna kusa da asibiti. Ni na kai ta a motata. Mun wuce ta gaban ginin, ta juya kai tana gyara wa ɗanta hula.

Gida ɗaya ne bai sake kafa rumfa ba, namu. Tun shekarar nan, Baba a ƙasa yake shanya masara, a kan buhuna, ya wuni a gefe da sanda yana korar kaji da awaki, in hadari ya taso a yi ta rububin kwashewa. Kakar bara abin ya ishe ni. Na biya kasuwar Kafin Maiyaki na zaɓi gwafa huɗu masu kyau, na ɗaure a saman mota na kawo. Na same shi a tsakar gida, rana ta take, ya rufa rawani a ka. Na gaishe shi, na sauke itatuwan a gabansa, na ce zan haƙa ramin da kaina kamar da. Ya dube su, ya yaba kyansu, ya ce in jingine su a bango.

"Ina da gwafa. Suna can suna riƙe da aikinka."

Na ce, "Baba, waɗancan ba za su fito yanzu ba."

Ya ce ya sani. Ya kori wata kaza, ya ajiye sandar, sannan ya dube ni sosai, irin kallon da rabonsa da yi mini tun ina makarantar firamare. Ya ce kafinta ya daɗe da gaya masa yadda maganar take, har batun rahoto da manyan da za su yi tambaya.

"Ni ban taɓa cewa ka sa hannu a kan abin da zai faɗo wa 'ya'yan mutane ba. Ni na cire gwafa, gari duk ya gani, a kafaɗata na mayar. In don sunana ka yi shiru, ɗauke ni a motar nan ka kai ni gaban manyan naku in faɗa musu da bakina. Ruwa ya ci garinmu ban mutu ba, ba takarda ce za ta kashe ni ba." Ya ƙara da cewa, "In kuma akwai wani abin da kake tsoro ban da ni, to shi ba zan iya ɗaukar maka ba."

Kunya ce ta kama ni, irin wadda mutum yake ji in an yaye masa abin da ya shekara biyu yana rufe kansa da shi. Na sunkuya na taya shi juya masarar har rana ta yi sanyi.

Da na koma bakin aiki sai na rubuta rahoton, shafi huɗu, ban ɓoye komai ba. Na sa sunana a inda ya kamata, na rubuta cewa ni na yarda da itacen aro, ni na tafi na bar ɗanyen dekin ba mai tsaro a bakin kaka. Na sa a ambulan na liƙe. Yana cikin durowar teburina, wuri ɗaya da hatimin, duk lokacin da zan buga wa wani zane sai na ɗaga shi kafin in ɗauko. Lokacin sabunta lasisi ya zo a farkon shekarar nan, na cike takarda na sabunta kamar kowa, ambulan ɗin kuma na mayar da shi inda yake.

Makon jiya na je gida. Masara ta fara nuna, Baba ya sa an fito da buhunan shanya ana kakkaɓewa. Gwafa huɗun da na sayo suna jingine a bangon da na bar su, gara ta fara cin gindin ɗaya.